Mai ciwon sukari, yaushe rabonka da awon fitsari?

Jama'ar Maraɗi, yawancin masu ciwon sukari sun riƙe awon digon jini na yatsa, sun san cewa da safe kafin a karya, lambar da ta kai giram 1,26 a lita ko ta wuce alama ce ta ciwon. Amma kaɗan ne ke tambayar lafiyar ƙodarsu, alhali ciwon sukari na sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe ƙoda a duniya. Kuma ƙoda ba ta ciwo idan sukari na cin ta. Ciwon baya da mutane ke kira ciwon ƙoda galibi na ƙashi ne ko na jijiya.

Kowace ƙoda na ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Su biyun suna tace ruwa wajen lita 180 a kwana ɗaya, su maida kusan dukansa cikin jiki, abin da ke fita fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Idan sukari ya daɗe da yawa a jini, matatan na aiki fiye da kima, bangonsu ya lalace, su koma kamar rariyar da ta yage: wani sinadarin gina jiki mai suna albumin, wanda ya kamata ya tsaya cikin jini, sai ya fara zurarewa cikin fitsari. Wannan zubar na iya ɗaukar shekaru mutum na zuwa kasuwa, yana noma, ba ya jin komai. Kafin ƙafa ta kumbura, fuska ta tasa da safe, fitsari ya riƙa kumfa, jiki ya hau ƙaiƙayi, an riga an yi babbar asara.

Awo biyu ne ke tona asirin. Na farko na fitsari, an fi son na sassafe, a duba albumin. Idan ya kai miligiram 30 a kowane giram na kireyatinin (wani dattin jiki da ƙoda ke fitarwa), a maimaita cikin wata uku zuwa shida, don zazzaɓi, jinin al'ada, ciwon sanyin mara ko aikin ƙarfi na iya ɗaga shi na ɗan lokaci. Na biyu na jini ne, awon kireyatinin, wanda likita ke lissafa ƙarfin tacewar ƙoda da shi. Idan lambar tacewar ta tsaya ƙasa da 60 har tsawon wata uku, ciwon ƙoda ya zauna. Ƙasa da 15, an kusa maganar wankin ƙoda, wanda a ƙa'ida sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama. Wanda ciwon sukari ya kama da girma, ya yi awon tun ranar da aka gano, don mai yiwuwa ya shekara da shekaru da shi bai sani ba. Daga nan sau ɗaya kowace shekara. Idan gidan likitan unguwa ba su da kayan awon, a nemi majo ya rubuta takardar zuwa babban asibiti.

Masu bincike sun nuna ana iya rage saurin ɓarnar. Wani babban bincike a Birtaniya da aka fitar a 1998 ya gano cewa tsare sukari da kyau ya rage lalacewar ƙananan jijiyoyin jini, irin na ido da ƙoda, da kashi 25 cikin ɗari. Saukar da hawan jini ma haka, abin nema shi ne ƙasa da 13 bisa 8. Magunguna irin su enalapril da losartan, ban da sauke hawan jini, suna rage zubar albumin, sai dai mai ciki ba ta shan su. A 2020 kuma gwajin wani maganin sukari mai suna dapagliflozin a kan masu ciwon ƙoda fiye da 4000 ya nuna ya rage haɗarin tsanantar ciwon da kashi 39. Yana da tsada, amma ya dace a tambayi likita.

Yanzu ga abin da ke ƙarasa ƙodar a garinmu. Diclofenac da ibuprofen da ake saya hannun masu tallar magani, ana haɗiya kullum don ciwon gaɓoɓi, suna rage jinin da ke shiga ƙoda. A haɗa su da zafin watan Afrilu da Mayu, mutum ya wuni yana zufa bai sha ruwa ba, ƙodar da ta riga ta raunana na iya tsayawa cikin ƴan kwanaki. Paracetamol ya fi sauƙi a kanta. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, musamman masu kanwa, su ma a bar su. Gishiri kada ya wuce giram 5 a wuni, ƙaramin cokali guda ke nan, kuma dunƙulen miya da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Shayin majalisa kuwa, kofi uku da sukarinsu, ba sai an faɗa ba.

Akwai wata yaudara da ya kamata iyali su sani. Ƙoda na cikin masu fitar da insulin da wasu ƙwayoyin maganin sukari daga jiki. Idan ta gaza, maganin na daɗewa a jini, sukari ya riƙa faɗuwa, mutum ya ɗauka ya warke. Dattijon da ke shan maganin sukari na glibenclamide ya fara zufa, karkarwa ko ruɗewa kafin abinci, a ba shi sukari dunƙule uku ko babban cokali guda a ruwa idan yana iya haɗiya, sannan a kai shi a auna ƙodar. Metformin ma ana rage shi idan tacewa ta sauka ƙasa da 45, a daina shi ƙasa da 30. Ranar da gudawa ko amai suka kama mai shan metformin, enalapril ko dapagliflozin, ya nemi likita a ranar, don sau da yawa ana dakatar da su har sai ya koma ci da sha.