Zanen Fuskar Mutum: Na Mai Zane Ne Ko Na Wanda Aka Zana?

Wane irin hoto ake magana a kai?

Hoton wani mutum takamaimai, wane ɗan wane, wanda aka yi don a gane shi, a kuma tuna da shi. Abin ya daɗe. A Masar, zamanin da Rumawa ke mulkinta, kusan shekara 2,000 da suka wuce, ana zana fuskar mamaci a allon katako da fentin da aka kwaɓa da kakin zuma, a ɗora a kan fuskar gawar da aka naɗe. An tono irinsu da yawa a yankin Fayum. Idanuwan dara-dara, sun ƙura maka, sai ka ce jiya kuka rabu.

To, mai zane gaskiya yake faɗa?

Sai an duba wa ya biya kuɗin. A 1539 Sarki Henry na takwas na Ingila ya tura Hans Holbein ya zano masa Anne ta Cleves, wadda ake so ya aura. Ya ga hoto, ya yarda. Da amarya ta iso, sai ya ce ba ta kwanta masa a rai ba. An yi aure a Janairun 1540, kafin Yuli ya fita an warware shi. Abin mamaki, Holbein ya ci gaba da aikinsa a fada lafiya lau. Thomas Cromwell, wazirin da ya ƙulla auren, shi aka fille wa kai a wannan watan.

Wanda ya faɗi gaskiya kuma bai tsira ba. A 1954 'yan majalisar Birtaniya suka sa Graham Sutherland ya zana Winston Churchill, Firayim Ministan ƙasar na lokacin, kyautar cikarsa shekara 80. Ya zana tsoho ya nutse cikin kujera, fuska a murtuke, wuya ya shige kafaɗu. Churchill ya tsani hoton. Aka kai shi gida, ba a taɓa rataye shi ba, daga baya aka ƙone shi a ɓoye. A ganina laifin Sutherland ɗaya ne: jarumin yaƙi aka so gani, shi kuwa ya zana wanda ya zauna a gabansa.

Me ya sa Mona Lisa ta fi kowane hoto suna?

Gwanintar Leonardo da Vinci, wanda ya zana wannan mata, ba abin musu ba ce. Ya fara zanen wajen 1503, ya sassauta inuwa a gefen baki da idanu har ka rasa ko murmushi take ko a'a. Amma sata ma ta taimaka. A 1911 wani Ba'italiye, Vincenzo Peruggia, ya fice da hoton daga gidan tarihi na Louvre a Paris, jaridun duniya suka yi ta yayatawa har aka gano shi a Florence a 1913. Masu zuwa kallo sukan sha mamakin ƙanƙantarsa: santimita 77 ne a tsaye, 53 a kwance.

Kyamara ba ta kashe sana'ar ba?

Ta karya mata farashi dai. Tun daga 1839, da aka fito da ɗaukar hoto da kyamara, hoto ya fara sauka daga gidan sarakuna zuwa hannun talaka. Manya kuwa ba su daina zama gaban mai fenti ba. A 2018 aka buɗe zanen Barack Obama da Kehinde Wiley ya yi, yana zaune a kujera, ganyaye da furanni sun kewaye shi.

Ana iya zana mutum ba tare da fenti ba?

Ƙwarai kuwa, marubuta kullum shi suke yi. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya ma abin ya zama fanni mai zaman kansa, ana ce masa hilya. Tun da ba a zana Annabi (SAW), sai gwanayen rubutu, irin su Hafiz Osman na ƙarni na 17, suka riƙa rubuta siffofinsa kamar yadda sahabbai suka ruwaito, tsayinsa, gashinsa, yanayin tafiyarsa, a cikin da'irar da aka ƙawata, a rataye a bangon ɗaki.