Kula da rumbun bayanai

Kula da rumbun bayanai shi ne aikin riƙe manhajar da ke adana bayanan kamfani ko hukuma, irin su PostgreSQL, MySQL, Oracle da SQL Server, ta yadda za ta yi ta aiki dare da rana, babu mai shiga sai wanda aka ba izini, kuma idan wani abu ya salwanta a iya dawo da shi. Yawancin aikin mai kula da rumbu ya ta'allaƙa ne a kan hanyar da ake bi a iso ga rumbun, da facin manhaja, da dawo da bayanai bayan ɓarna. A na ƙarshen nan ake gane wanda ya iya aikin.

Hanyar shiga

Kowane rumbu yana karɓar saƙo ta wata ƙofa mai lamba. Ta PostgreSQL ita ce 5432, ta MySQL 3306, ta SQL Server 1433, ta Oracle kuma 1521. Masu kutse sun san waɗannan lambobi kamar yunwar cikinsu, shi ya sa ba a barin rumbu yana fuskantar intanet kai tsaye. Ana ajiye shi a bayan katangar tsaro, sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar kamfanin, ita kaɗai ke magana da shi. A PostgreSQL akwai fayil mai suna pg_hba.conf, inda ake jera wane ne zai shiga, daga wane adireshi, da wace irin shaida. Ana karanta shi daga sama zuwa ƙasa, layin farko da ya dace shi ake bi; saboda haka layi ɗaya mai sako-sako a sama ya isa ya rushe duk tsanani da aka yi a ƙasa. A farkon 2017 an wawushe dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe ba kalmar sirri, aka goge abin da ke ciki, aka bar wa masu su saƙon neman kuɗin fansa.

Faci

Faci gyara ne da masu manhaja ke fitarwa don toshe kafa ko kawar da kuskure. Masu PostgreSQL suna fitar da ƙananan gyare-gyare aƙalla sau ɗaya a wata uku, babban sabon zubi na manhajar kuma sau ɗaya a shekara, kowane babban zubi ana tallafa masa shekara 5. Ƙaramin gyara ba ya buƙatar komai sai a tsayar da rumbun, a sauya manhajar, a tayar. Babban zubi kuwa yakan canza tsarin ajiya, sai an yi hijira da kayan aiki irin pg_upgrade, bayan an gwada a kan kwafi.

Mutane suna jan ƙafa wajen faci don tsoron tsayar da aiki. Abin da jan ƙafa ke haifarwa ya bayyana ranar 25 ga Janairu 2003, lokacin da tsutsar kwamfuta mai suna Slammer, wato muguwar manhaja mai yaɗa kanta, wadda girmanta bai wuce bayit 376 ba, ta bi ta wata kafa a SQL Server 2000 ta kama na'urori kusan 75,000 cikin minti goma. Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan kafa tun Yulin 2002.

Dawo da bayanai

Kwafin ajiya iri biyu ne. Akwai wanda ake juye bayanan zuwa fayil guda, kamar yadda pg_dump, kayan aikin PostgreSQL, ke yi, akwai kuma wanda ake kwafe fayilolin rumbun yadda suke. Na biyun ya fi amfani idan aka haɗa shi da kundin canje-canje. PostgreSQL ba ya taɓa ainihin bayanai sai ya fara rubuta canjin a wannan kundi. Idan an adana kundin a wani wuri dabam, ana iya ɗauko kwafin daren jiya a sake bin canje-canjen ɗaya bayan ɗaya, a tsaya daidai ƙarfe 2:14 na rana, minti ɗaya kafin wani ya goge teburin albashi bisa kuskure. Wannan dabara ta shigo PostgreSQL ne a zubi na 8.0, a 2005.

Rumbu na biyu da ke bin sawun na farko yana ceto idan na'ura ta mutu, amma ba kwafin ajiya ba ne: abin da aka goge a nan, nan take zai goge a can.

Labarin da masu wannan sana'a suka fi kafa misali da shi shi ne na GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke adana aikinsu a wurinsa. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin, yana ƙoƙarin gyara rumbu na biyu, ya ba da umarnin gogewa a kan babban rumbun. Kafin ya ankara kusan gigabayit 300 sun tafi. Da aka nemi kwafin ajiya sai aka tarar wayam: pg_dump na zubin 9.2 ake ta kunnawa a kan rumbun PostgreSQL mai zubin 9.6, yana ta faɗuwa, saƙonnin gargaɗin kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su kwafi ne na faifan rumbun da aka ɗauka awa shida kafin nan don gwaji. Aikin awa shidan ya tafi ke nan. Tun kafin wannan, ƙa'idar ita ce a riƙa dawo da kwafi a kan wata na'ura lokaci-lokaci, a duba ko bayanan sun cika, a kuma auna tsawon lokacin da aikin ya ci.

Rumbun haya

Tun da Amazon ya ƙaddamar da RDS, hidimarsa ta bayar da hayar rumbu, a Oktoban 2009, da MySQL kaɗai a lokacin (PostgreSQL ya biyo baya a 2013), kamfanoni da yawa sun koma hayar rumbu. Mai bayar da hayar ne ke kula da na'ura, yana yin faci a wani lokaci na mako da mai haya ya zaɓa, yana kuma ajiye kwafi na kwanakin da aka ƙayyade, har zuwa 35. Mai haya ba shi da damar shiga cikin na'urar kanta. Buɗe ƙofa da rabon izini suna nan a wuyansa. Idan kuma ya dawo da bayanai, sabon rumbu ake gina masa da sabon adireshi, sai ya karkata manhajarsa zuwa can da kansa.