Ciwon Damuwa: Me Mai Harhaɗa Magunguna Zai Iya Yi Maka?

Zai iya tabbatar min ina da ciwon damuwa?

Wannan aikin likita ne. Amma sau da yawa mai harhaɗa magunguna ne ke fara lura, domin an fi shiga kantin magani fiye da asibiti. Wanda ke dawowa sati-sati neman maganin barci ko na ciwon kai da kasala, akwai tambayoyi biyu da ake yi masa: a makonni biyun da suka wuce, zuciyarka tana yawan ƙunci? Abubuwan da kake jin daɗinsu a da sun fita ranka? In ya ce e, sai a tura shi wurin likita.

Kwana 10 ina shan magani ban ga sauƙi ba. In daina?

Kada ka daina. A nan ake yawan yin ɓarna, kuma a nan mai magani ya fi amfani. Fluoxetine, wanda akan fara da miligiram 20 a rana, da sertraline, miligiram 50, sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin canji, wani lokacin har 6. Abin takaicin, illolinsu ke riga amfaninsu zuwa: tashin zuciya, ciwon kai, rashin barci. Yawanci sukan lafa cikin mako ɗaya ko biyu. Sha da abinci na rage tashin zuciyar. Fluoxetine da safe ake sha. Amitriptyline kuwa da dare, don yana sa barci da bushewar baki. Raguwar sha'awar jima'i ma tana faruwa, kunya ce ke hana mutane faɗa, alhali likita na iya canza maganin.

Na warke, me ya sa ake cewa in ci gaba?

Saboda ciwon kan dawo. Ƙa'ida ita ce a ƙara aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, sannan a rage sannu a hankali cikin makonni. Yankewa farat ɗaya na kawo jiri, saurin fushi, da wani abu kamar fizgar lantarki a ka, musamman ga mai shan paroxetine ko venlafaxine.

Waɗanne magunguna ne ba a haɗawa da su?

Tramadol na kan gaba: haɗuwarsu na iya jawo zazzaɓi, karkarwa, gumi da ruɗewa. Ibuprofen, diclofenac da aspirin na ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Shi ya sa ya kamata ka nuna wa mai harhaɗa magunguna duk abin da kake sha, har na gargajiya.

Yaushe abin ya zama na gaggawa?

Da zarar mutum ya ambaci kashe kansa, asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Masu ƙasa da shekara 25 na buƙatar sa ido a makonnin farko, don tunanin kashe kai na iya ƙaruwa a lokacin. Mai tunanin kashe kansa ba a ba shi amitriptyline na wata guda a hannu, domin yawansa na dagula bugun zuciya har ya kashe. Na kwana 7 ake bayarwa, ko wani na gida ya riƙe masa.