Labarin Ƙasa na Sansanonin Gwale-gwale da Kisan Ƙare Dangi

Labarin ƙasa na sansanonin gwale-gwale fanni ne na nazari da ke bincikar inda aka gina wuraren tsare jama'a da hallaka su, da dalilin zaɓar waɗannan wurare, da yadda nisa da shinge da layin dogo da hamada suka zama kayan aikin kisa. Masana wannan fanni suna ganin cewa kafin a ƙare wata al'umma, yawanci sai an fara raba ta da mazauninta, a tattara ta inda idon maƙwabta ba ya kaiwa. Lauya Raphael Lemkin ne ya raɗa wa wannan laifi suna "genocide", wato kisan ƙare dangi, a 1944, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da yarjejeniyar hana shi ranar 9 ga Disamba 1948.

Tushen sansanin yana cikin yaƙe-yaƙen mulkin mallaka. A 1896 janar Weyler na Sifen ya kwashe mutanen karkarar Kyuba ya cusa su cikin garuruwa masu tsaro, Ingila kuma ta yi makamancin haka a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, inda mata da yaran Boer, wato fararen fata manoma na ƙasar, sama da 26,000 suka mutu, ban da dubban baƙar fata da aka tsare a sansanoni na dabam. A ƙasar da yau ake kira Namibiya, bayan gwabzawar Waterberg a 1904, janar Lothar von Trotha na Jamus ya kora 'yan ƙabilar Herero cikin hamadar Omaheke ya tare rijiyoyi, ƙishirwa ta yi aikin da harsashi zai yi. Da yawa daga waɗanda suka tsira, su da 'yan ƙabilar Nama, an kai su tsibirin Shark kusa da Lüderitz, inda sanyin teku da aikin dole suka cinye su. Haka Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta tasa ƙeyar Armeniyawa zuwa hamadar Deir ez-Zor ta Siriya daga 1915.

A hannun 'yan Nazi ne abin ya zama tsari mai taswira. Sun ɗauki ra'ayin "filin rayuwa" wanda masanin labarin ƙasa Friedrich Ratzel ya yaɗa, suka mai da shi hujjar share gabashin Turai daga mazaunansa, har masani kamar Walter Christaller ya yi wa ofishin Himmler, shugaban rundunar SS ta 'yan Nazi, aikin tsara matsugunan Jamusawa a Folan. Sansanin Dachau, wanda aka buɗe a Maris 1933, yana daf da birnin Munich, domin an so jama'a su san da shi su ji tsoro. Wuraren kisa zalla kuwa, wato Belzec da Sobibor da Treblinka, waɗanda suka fara aiki a 1942, an ɓoye su a yankuna marasa yawan jama'a amma jikin layin dogo. Treblinka tana da nisan kilomita 80 kacal daga Warsaw, tazarar da ba ta kai rabin hanyar Akra zuwa Kumasi ba, kuma fili ne da mutum zai zagaye da ƙafa cikin rabin sa'a, amma an kashe mutum kusan 900,000 a cikinsa. Ƙanƙantar wurin ita kanta shaida ce, tunda ba a tanadi inda waɗanda aka kawo za su kwana ba.

Auschwitz ta bambanta, saboda ta haɗa kisa da aikin dole a mahaɗar layukan dogo. An kori mazauna ƙauyukan da ke kewaye aka killace fili mai kimanin murabba'in kilomita 40, kamfanin IG Farben ya gina masana'anta a Monowitz, sannan a 1944 aka shigar da layin dogo har cikin Birkenau, wani sashe na sansanin, don karɓar Yahudawan Hungary. Mutum kusan miliyan 1.1 ne suka halaka a nan.

Ta fuskar nazari, masanin falsafa Giorgio Agamben ya bayyana sansani a matsayin wurin da hukuma ta dakatar da doka da gangan, har wanda ke ciki ya rasa kowace kariya. Bayanin yana da ƙarfi, sai dai yana jawo ido ga shinge kaɗai, alhali kisa mai yawa ya auku inda babu shinge: a kwazazzabon Babi Yar kusa da Kiev an harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu a Satumba 1941.

Ruwanda ce ta fi fito da wannan giɓi. A 1994 an kashe mutum kusan 800,000, akasarinsu Tutsi, cikin kwana 100, ba jirgin ƙasa ba sansani. Shingayen kan hanya da katin shaida mai nuna ƙabila suka mai da ƙasar duka tarko, coci-cocin Nyamata da Ntarama da makarantar Murambi, inda mutane suka fake, suka zama wuraren da aka fi yi musu kisan gilla. Wannan babi ya shafi Gana kai tsaye, domin sojojinta ƙarƙashin janar Henry Kwami Anyidoho suna cikin 'yan kaɗan da suka tsaya a Kigali suna gadin masu neman mafaka lokacin da aka janye yawancin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma Kofi Annan, haifaffen Kumasi, shi ne shugaban sashen wanzar da zaman lafiya a lokacin. Cibiyar horar da dakarun zaman lafiya da ke Teshie a Akra tana ɗauke da sunansa.

A Srebrenica ta Bosniya, garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana yanki mai aminci, an kashe maza Musulmi sama da 8,000 a Yuli 1995, daga baya makasan suka tone gawarwaki suka rarraba su a wasu ramuka. Hotunan da aka ɗauka daga sama da binciken ƙasar kaburbura ne suka taimaka wa masu bincike gano ramukan, aka gabatar da su shaida a kotun Hague.