Ina Kason Unguwarmu A Yaƙi Da Shaye-shaye?

Ranar allurar rigakafin yara ce a ƙaramin asibitin da nake aiki a cikin birnin Katsina. Mata sun watse, ina tattara katuna, sai na lura wata dattijuwa ta maƙale a bakin benci, ba ta kuma zo da goyo ba. Sai da ta leƙa ta tabbatar ba kowa sannan ta matso.

"Malama, autana ne. Sau biyu ke nan yana yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita ta baki. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an ce iska ce. Jiya ina wanke mashi wando na tsinci wannan."

Ta kwance gefen mayafi ta miƙo mini katin ƙwaya da aka ɓalle rabi. Tiramol ce, mai lamba 225.

Na ce mata, "Inna, wannan ita ce iskar." Tiramol maganin ciwo ce mai ƙarfi, wadda doka ta yarda da ita a ƙasar nan mai nauyin 50 ce ko 100, ita ma sai likita ya rubuta. Mai 225 ta ɓarauniyar hanya take shigowa, kuma idan ta yi yawa a jiki tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Yaron leburan bulo ne, bai cika ashirin ba. A wurin aiki aka fara ba shi, wai don kada ya ji gajiya. Da guda ya fara.

Ta yi shiru, can ta ce, "To ina zan kai shi, inda ba za a ɗaure mani shi ba?"

Wannan tambayar ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin a ranar ban da amsar kirki. Uwa a Katsina idan ta gano ɗanta na shan ƙwaya, hanyoyin da ta sani ba su da yawa. Ko ta rufa asiri ta ci gaba da addu'a, ko a kai shi hukuma a kulle, ko a nemi gidan mari. Ba mu manta da watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da nan Katsina, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabo. Yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, rasa mafita suka yi. An rufe gidajen, ya kuma dace a rufe su, amma a unguwa ba a ajiye komai a gurbinsu ba. Tsakanin ɗakin uwa da ɗakin kulle fili ne fetal, ba kowa a ciki.

Girman abin kuwa ya wuce yadda muke faɗa a majalisa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. Wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai dangin tiramol miliyan 4.6, sai maganin tari mai kodin miliyan 2.4. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kimanin mutum miliyan 3 ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Mu da muke shiga gidaje ba mu yi mamaki ba. Mun san amaryar da ƙawaye suka koya wa kwalbar kodin a wurin biki, mun san matar da kishi da rashin barci suka jefa ta shan ƙwayar barcin nan roci, ba wanda ya sani sai ranar da ta kasa tashi ta shayar da jariri.

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi. Kwalba ta yi tsada, ta koma ƙarƙashin kanta. Masu sha kuwa ba su daina ba, wanda ya gaza kuɗinta ya koma ƙwaya, ko sholisho, ko madarar sukudaye, ko gadagi. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa tun 1989, tana kamu, tana ƙona abin da ta kama, kuma ba na raina aikinta. Sai dai jihar nan ƙananan hukumomi 34 gare ta, mazaɓu 361. Babu yadda jami'anta za su san wane kango yara ke taruwa bayan isha'i, ko wace mai kitso ce ke sayar da kwalba a ƙuryar ɗaki. Mai unguwa ya sani. Liman ya sani. Ungozoma ta sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sani kaɗai ba ya sayen kwano.

Kwanon nan a hannun ƙaramar hukuma ya kamata ya fito. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ta cikin masu ɗaukar nauyin kiwon lafiya da ilimin firamare da na manya da koyar da sana'a, ya kuma ba ta kula da kasuwanni da tashoshin mota da shaguna, wato daidai wuraren da ƙwaya ke canza hannu. Kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya na ƙananan hukumomi 774 ne. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai-tsaye. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya, na sani, amma ko da kuɗin ta wace hanya suka biyo, duk shekara ana rubuta kasafi, kansiloli kuma suna zama a kansa.

Na taɓa aiki a wata ƙaramar hukuma inda duk yaƙin da ake yi da shaye-shaye a rana ɗaya yake ƙarewa, 26 ga watan Yuni, ranar da duniya ta keɓe don haka. A kafa rumfa, a jera kujeru, a buga riguna da huluna, a kwaso 'yan makaranta su tsaya a rana riƙe da kwalaye. Manya su yi jawabi, a raba lemo, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Yaran da ake magana a kansu ko ɗaya ba ya wurin, suna barci, don sun kwana a kango. Ni ma na sa rigar, har yanzu tana nan ina goge-goge da ita. Da kuɗin wannan yini ɗaya aka raba wata goma sha biyu aka bai wa mazaɓu, da an ga abin da ya yi.

Mun ma taɓa ganin irin wannan aiki da idonmu. Cutar shan inna ba da taron rana ɗaya aka kore ta ba. Mata ne 'yan unguwa, waɗanda kowa ya san gidansu, suka yi ta shiga gida-gida shekara da shekaru, ana ba su ɗan alawus a kai a kai, mai unguwa na biye da su, dagaci da hakimi na karɓar rahoto, har aka ayyana ƙasar nan ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Yawancin matan nan suna nan. Sun iya sallama, sun iya zama a tabarma su saurari uwar gida har ta buɗe cikinta. Abin da ya rage a koya masu alamun shaye-shaye da yadda ake magana da mai yi ba tare da tozarci ba, a kuma ci gaba da biyansu. Mace mai shan kodin a gidan aurenta ba za ta taɓa zuwa taron rumfa ba, amma za ta gaya wa irin waɗannan matan.

Sannan asibitin mazaɓa. Mu ma'aikatan matakin farko an koya mana awon ciki da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, amma kaɗan ne cikinmu aka zaunar aka koya wa yadda ake karɓar mai shaye-shaye. Ma'aikaci biyu a kowace mazaɓa, mace da namiji, a horar da su, a keɓe yammaci ɗaya a mako da ɗaki mai ƙyaure. Ba mu za mu yi magani mai zurfi ba, wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne. Namu shi ne mu gane, mu tura, mu bi sawu. Kuma a nan ne ake faɗuwa: a rubuta wa uwa takardar zuwa babban asibiti, ta ninke ta ajiye ƙarƙashin katifa don ba kuɗin mota. Wanda ya je ya dawo kuma, ba mai leƙa shi, ya koma majalisar da ya baro, cikin wata ɗaya an koma gidan jiya. Kuɗin mota da kuɗin kati na kira, abin da ke ceto yaro bai wuce nan ba sau da yawa, kuma shi ne ba a taɓa samun layinsa a kasafi.

Batun sana'a ba zan tsaya a kansa sosai ba, kowa ya san zaman banza. Abu ɗaya kawai: maimakon rabon keken ɗinki ranar biki, wanda washegari za a gan shi a kasuwa, a biya tela ko bakanike na unguwar duk wata ya riƙe yaro, idan yaron ya daina zuwa kuɗin su tsaya. A kuma sa wa masu kangaye sharaɗin toshe ƙofa, wannan ko kwabo ba ya ci.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska: "Ga matsalar tsaro, ga ruwa, ga kwalbati, sai a ɗauki kuɗin jama'a a kashe a kan 'yan ƙwaya?" Baba, ai muna kashewa tun tuni. Kuɗin 'yan sintiri da ake bi gida-gida ana karɓa duk wata, na mene ne? Wayar da aka fizge wa 'yarka a hanyar islamiyya, da ɗinkin da aka yi wa wanda ƙauraye suka sara, wa ya biya? Bambancin kawai yanzu muna biya bayan an yi ɓarna.

Inda nake da tsoro shi ne hannun da kuɗin za su shiga. Mu faɗa wa juna gaskiya, lokacin kamfen akwai masu saya wa yaran nan ƙwaya su ɗora su a bayan mota. Idan aka ware kuɗi aka miƙa wa irin waɗannan da sunan shugabannin matasa, an bai wa kura ajiyar nama. Kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gaba da ke aiki da asibitinta, a nan ya kamata kuɗin su sauka, a ƙara da liman da malamar islamiyya da wani da ya taɓa sha ya daina, don shi ya san hanyoyin da mu ba mu sani ba. Abin da ya shigo da abin da ya fita a rubuta a manna a bangon asibiti duk wata uku.

Ba kuma za a yi ba sai an nema. Kasafin shekara mai zuwa tun kafin ƙarshen wannan shekarar ake haɗa shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna a ƙofar gidan mai unguwa, ku rubuta takarda gajeriya: mene ne kuke so, mutum nawa, duk wata nawa. Mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa, shugabar mata ta sa. Ku kai wa kansilanku da rana tsaka, ku da yawa, ku riƙe kwafi. Ku roƙi a ba abin layinsa da sunansa a ƙarƙashin sashen lafiya, don abin da aka cusa cikin "sauran ayyuka" ba a sake ganinsa. Ku faɗi abin da unguwa za ta kawo nata, ko ɗakin zama ne ko masu sa kai, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bayan wata ɗaya ku koma ku tambaya. Idan mazaɓu uku ko huɗu suka kai takarda iri ɗaya, ciyaman zai ji.

Kafin nan, ga abin da nake so kowane gida ya riƙe. Idan kuka tarar da mutum ya sha ya sume, ko yana jijjiga, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwa, zai iya shaƙewa su tafi huhu. Kada a cusa masa cokali a baki. A kwantar da shi ta gefe, a tafi asibiti nan take, a tafi da kati ko kwalbar abin da ya sha. Numfashi sama-sama da leɓe ya yi duhu alama ce ta haɗari, musamman idan ya haɗa tiramol ko kodin da ƙwayar barci. Wanda ya daɗe yana shan roci ko diyazefam kada a kulle shi a ɗaki a yanke masa lokaci guda, hakan kansa na iya kawo jijjiga, likita ne ke rage masa sannu a hankali. Ciwon jiki da gumi da zawo da rashin barci a kwanakin farko na dainawa ba iskanci ba ne, jiki ne ke neman abin da ya saba. NDLEA tana da layin neman shawara kyauta, 0800 1020 3040.

Autan dattijuwar nan ya ga likita. Mu uku muka yi karo-karo a wurin aiki muka haɗa masu kuɗin mota da na magani. Ya daina, ya koma, ya sake dainawa. Yanzu duk Alhamis yakan biyo bayan la'asar mu zauna minti goma, wani lokaci ba ya cewa komai sai wasa da makullin babur ɗin yayansa. Makon jiya uwar ta rako shi, da za su tafi ta ja ni gefe ta ce akwai 'yar maƙwabciyarta, matar aure mai goyo, ita kwalba ce. Na ce ta kawo ta. Ban dai gaya mata cewa sai an yi albashi ba.