Tofa da aya-aya sun cinye lambu: shin maganin feshi ne mafita?

Duk wanda ya taɓa karɓar lambun da aka bari shekara biyu ko uku ba a noma ba ya san abin da ake kira ciyawa mai taurin kai. Ka nome yau, bayan sati ka dawo ka tarar ta yi kore shar kamar fartanya ba ta taɓa bi ta wurin ba. A nan ne mutum yake fara tunanin zuwa kasuwa ya sayo maganin ciyawa. Ga tambayoyin da masu ƙananan lambuna suka fi yi kafin su ɗauki famfon feshi.

Me ya sa wasu ciyayin ba sa jin fartanya?

Saboda ransu ba a ganye yake ba, a ƙarƙashin ƙasa yake. Harkiya da ƙarangiya da kyasuwa damina ɗaya suke yi, in ka nome su kafin su zuba iri ka gama da su. Tofa da kiri-kiri da aya-aya, wadda wasu ke kira jiji, ba haka suke ba.

Ka kafa magirbi a inda tofa ta yi yawa ka ɗago ƙasar. Za ka ga jijiyoyi farare sun sarƙe da juna kamar saƙar tabarma, kowace da tsini a baki mai iya huda rogo ko doya, har ma da tafin ƙafa. Kowace gaɓa a jikin jijiyar nan tana iya fitar da sabon toho. Idan ka daddatsa ta da fartanya ka bar gutsattsarin a ƙasa, dashe ka yi mata. Ƙona ta kuwa sai ya ƙara mata ƙarfi, don wuta ganye kawai take ci, ta kawar mata da sauran ciyayin da ke tare mata rana.

Aya-aya kuma ta fi wayo. Ka tumɓuke guda ɗaya a hankali daga ƙasa mai laima, za ka ga ƙwaya baƙa mai ƙamshi a gindinta, da wani siririn zare da ya tafi ya haɗu da wata ƙwayar, ita ma ta haɗu da wata. Mafi yawansu barci suke yi. Da ka tsinke zaren sai na barcin su farka. Shi ya sa masana ciyayi suke sa ta a sahun gaba cikin ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya.

To wane magani ne yake kai wa ga jijiya?

Maganin da ake fesa wa ciyawar da ta riga ta fito iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne asarar farko. Akwai mai ƙona ganye, irin su farakwat, wanda aka fi sani da sunan Gramoxone. Ka fesa da safe, washegari fili ya yi ja kamar an cinna wuta. Ido yana jin daɗin wannan, amma jijiyar tofa tana nan lafiya lau, kuma cikin makonni kaɗan za ta dawo.

Na biyu shi ne mai bin jiki, wanda ganye ke sha ya gangara har saiwa. Mafi shahara shi ne gilaifoset, wanda kamfanin Monsanto na Amurka ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup, yanzu kuma kamfanoni da dama suna yin sa da sunaye barkatai. Aikinsa shi ne ya toshe hanyar da tsiro ke bi ya haɗa wasu sinadaran gina jikinsa, sai tsiron ya mutu a hankali tun daga ƙasa. Don haka kada sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe ya ɗauke maka hankali, ka duba sunan sinadarin da ke ciki da lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya.

Shawarata a kan farakwat a fili take: kada ya shiga lambunka. Kurɓa ɗaya tana iya kashe babban mutum, yana lalata huhu, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, NAFDAC ma ta sanar da haramta shi a Najeriya daga farkon 2024. In ka gan shi a kasuwa, ka wuce.

Yaushe ya kamata in fesa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, ta fi ta yawan magani. Gilaifoset ta ganye yake shiga, saboda haka yana bukatar ganye mai yawa, kore, mai tsiro da ƙarfi. Wanda ya nome fili tas sannan ya fesa a kan ƙasa ya zubar da kuɗinsa, don da maganin ya taɓa ƙasa sai ta riƙe shi ya daina aiki. Ba ya kashe irin ciyawar da ke kwance a ƙasa, ba ya kashe ƙwayar aya-ayar da ba ta fito da ganye ba.

Idan tofar ta tsufa ta yi tsawo, ganyenta ya yi kauri, ka sassabe ta, ka kwashe, ka jira sabon toho ya kai kamar tsawon kamu ɗaya, sannan ka fesa. Aya-aya kuwa ka bar ta ta yi ganye sosai, ta kusa fitar da kai, don a lokacin ne take tura abinci zuwa ƙwayoyinta, maganin sai ya bi shi ya tafi. Idan da rani ne ciyawar ta yi yaushi don ƙishi, ka ba filin ruwa kwana kaɗan kafin feshi. Zai zame maka kamar wauta ka shayar da abin da kake son kashewa, amma ciyawar da ke cikin wahala ba ta shan magani. Haka ganyen da ƙurar hunturu ta lulluɓe.

Ka fita da safe bayan raɓa ta bushe, lokacin da iska take kwance. In hadari ya haɗu ka fasa, don ana son maganin ya samu kamar awa shida a kan ganye ba ruwan sama. Ruwan haɗi kuma ya zama garai-garai. Ruwan kududdufi ko na rijiyar fadama da ya gauraye da laka yana kashe ƙarfin maganin tun yana cikin famfo, daga nan sai a ce jabu aka sayo.

Gwangwanin madara nawa zan zuba a famfo?

Gwangwani ba shi ne ma'auni ba, faɗin fili ne ma'auni. Takardar da ke jikin jarka tana faɗin lita nawa ake sa wa kadada ɗaya, wato murabba'in mita 10,000, kuma adadin ciyayi masu jijiya ya fi na sauran. A ce takardar ta ce lita 4 a kadada, lambunka kuma mita 20 ne tsawo, 20 faɗi. Murabba'in mita 400 ke nan, abin da kake bukata duka-duka mililita 160 ne. Ka fara cika famfon da ruwa zalla ka fesa filin da irin tafiyar da ka saba, ka ga lita nawa ya ci, sannan ka zuba mililita 160 ɗin a cikin daidai wannan ruwan.

Ninka magani ba ya ninka aiki. Ganye ya jiƙe kawai ake so, ba sai yana ɗiga ba.

Na fesa kwana uku ke nan ban ga komai ba. An cuce ni ne?

Ba lallai ba. Gilaifoset yakan ɗauki kwana huɗu zuwa bakwai kafin ganye ya fara rawaya, sati biyu zuwa uku kafin ya bushe. Cikin waɗannan kwanakin maganin yana kan hanyarsa ta zuwa jijiya. In ka gaza haƙuri ka sa fartanya ko ka cinna wuta, ka yanke masa hanya. Ka bar filin aƙalla sati guda ba a taɓa shi ba, sati biyu ya fi.

Zan iya dasa tumatir da albasa a wurin bayan haka?

Bayan gilaifoset, eh, da zarar ciyawar ta mutu ka yi kaftu ka ja fangali. A ƙasar jigawa mai yashi, wadda ba ta riƙe magani kamar laka, ka ƙara kwanaki.

Hatsarin yana wajen magungunan da aka yi don gonar hatsi. Atirazin, wanda ake fesa wa masara da dawa, yana daɗewa a ƙasa wata da watanni, ya ƙone maka dashen tumatir da salak da kuɓewa. Shi kuma 2,4-D na masu shinkafa, ɗan abin da iska ta ɗebo daga gonar maƙwabci ya isa ya murɗe ganyen tumatir ya nannaɗe shi. Ko ragowarsa a cikin famfon da ba a wanke sosai ba yana yin wannan ɓarnar. In da hali, famfon maganin ciyawa daban, na maganin ƙwari daban.

Idan kuma shuka ta riga ta tashi, gilaifoset bai san ciyawa ba bai san tattasai ba. Kada ka yi feshi a tsakanin fangali. Ka sa safar hannu ta roba, ka tsoma soso a haɗin, ka shafa wa ganyen ciyawar ɗaya bayan ɗaya.

Feshi ɗaya zai gama da su?

Kiri-kiri da tofa sukan yi rauni ƙwarai a karon farko, sai a bi ragowar da suka tsira. Aya-aya ba ta ƙarewa da feshi ɗaya, duk wanda ya ce maka haka yana son ya sayar maka da jarka ne. Ƙwayoyin da ke barci za su fito daga baya.

Abin da ya fi mini daɗi shi ne muna da makamin da ba a saya. Ƙwayar aya-aya ba ta jure bushewa. Ka kafce filin da zurfi a tsakiyar bazara, ka bar ƙwayoyin a fili rana ta gasa su sati biyu, ka sake juyawa, ka tsince waɗanda ka gani ka fitar da su daga lambun. Aya-aya da tofa duka ba sa son inuwa, saboda haka shuka mai rufe ƙasa kamar dankali ko kabewa ko wake mai yaɗo tana danne su. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi aiki mai yawa a kan danne tofa da wani wake mai yaɗo da ake kira mukuna. A ƙaramin lambu, amfanin magani shi ne ya karya ƙarfin ciyawar sau ɗaya ko biyu kafin shuka, daga nan fartanya da inuwa su karɓi aikin. Lambun da ake yi wa feshi kowane wata akwai abin da ba a yi daidai ba.

An ce maganin nan yana jawo ciwon daji. Gaskiya ne?

Masana sun rabu. A watan Maris na 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilaifoset cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo cutar ga ɗan Adam. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce ba ta ga alamar haka ba in an bi ƙa'ida, Tarayyar Turai kuma ta sabunta masa izini na shekara 10 a ƙarshen 2023. Kamfanin Bayer na Jamus, wanda ya sayi Monsanto a 2018, ya amince a 2020 zai biya kimanin dala biliyan 10 don sasanta ƙararrakin da aka shigar a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba.

Ka lura, waɗanda suka ce ba matsala suna magana ne a kan mai feshin da ya rufe jikinsa. Abin da ake gani a fadamunmu daban ne: saurayi da singileti da silifas, famfo yana yoyo a gadon bayansa, bakin famfo ya toshe ya sa baki ya hura. Wannan yana ci mini rai. Doguwar riga, dogon wando, takalmin roba, safar hannu da takunkumi ba su kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba. Kada a ci goro ko a sha ruwa ana cikin feshi, a yi wanka da sabulu da an gama, a wanke kayan daban da na iyali. Yaro da mai juna biyu ba su da hurumi a wurin.

Ina zan kai jarkar da ragowar maganin?

Ka ɗauraye jarkar sau uku, kana juye ruwan a cikin famfo, sannan ka huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha a ciki. Kada ka juye ragowar magani a gorar lemo, ka bar shi a jarkarsa ka kulle nesa da abinci da hannun yara. Kada a wanke famfo a bakin rijiya ko magudanar ruwan da wasu ke sha, kuma kada kowa ya ɗauki famfo ya nufi kachallar da ke cikin ruwa da kansa, wannan aikin hukuma ne da malaman gona.

Ka ɗaura jan ƙyalle a bakin lambun, ka gaya wa maƙwabta da masu yankan ciyawar dabbobi cewa an yi feshi. Idan tsautsayi ya sa wani ya sha, madara ko manja ba makari ba ne, kuma kada a tilasta masa amai. A garzaya da shi asibiti nan take, a riƙe jarkar a hannu don likita ya ga abin da ya sha.