Koyar da Manufofin Harkokin Waje ta Hanyar Nazarin Waƙi'a

Nazarin waƙi'a wata hanyar koyarwa ce a jami'o'i, inda malami kan ɗauko wani lamari da ya taɓa faruwa tsakanin ƙasashe, ya shimfiɗa shi gaban ɗalibai tamkar yau ake cikinsa, sannan ya ce su yanke shawara. Akan ba su labarin a rubuce, amma a datse shi daidai gaɓar da shugaba zai ce i ko a'a. Wani lokaci a haɗa musu da wasiƙun jakadu da rahotannin leƙen asiri na wancan zamani. Malami kuwa tambaya ce aikinsa: me ka dogara da shi, kuma in abokin hamayya ya ƙi fa?

Tushen hanyar shi ne makarantar koyon shari'a ta Jami'ar Harvard da ke Amurka, inda Christopher Langdell ya fara koyar da doka ta hukunce-hukuncen kotu a 1870. Makarantar kasuwanci ta jami'ar ta rungume ta a shekarun 1920, masu koyar da mulki da diflomasiyya suka biyo baya.

Waƙi'ar da ta fi shahara a wannan fage ita ce rikicin makamai masu linzami na Kyuba. A watan Oktoba na 1962 jirgin leƙen asirin Amurka ya hango makaman Tarayyar Sobiyet a tsibirin, aka kwana 13 duniya na bakin yaƙin nukiliya. A aji, ɗalibai kan zauna a mazaunin masu ba Shugaba Kennedy na Amurka shawara: a kai hari ta sama, a mamaye tsibirin, ko a tare hanyar teku? A 1971 Graham Allison, masanin kimiyyar siyasa a Harvard, ya yi nazarin rikicin ta fuska uku: ƙasa a matsayin mai lissafin riba da hasara, ma'aikatu masu bin ƙa'idojin da suka saba, da kuma ja-in-ja tsakanin manyan jami'ai. Kowace fuska da amsar da take bayarwa, kuma a nan ne ɗalibi kan gane cewa gwamnati ba mutum ɗaya ba ce. Har ila yau akwai alkawarin da Amurka ta yi a asirce na janye makamanta daga Turkiyya domin a kawo ƙarshen rikicin, wanda bai tabbata a fili ba sai bayan shekaru masu yawa.

Hanyar tana da rauninta. Wanda ya san ƙarshen labari yakan ga komai da sauƙi, alhali masu mulkin lokacin lalube suke yi a duhu. Mafi haɗari shi ne kwatance mara tushe, domin shugabanni ma kan faɗa wannan rami: a rikicin Suwez na 1956, Firayim Ministan Birtaniya Anthony Eden ya kamanta shugaban Masar Gamal Abdel Nasser da Mussolini, tsohon ɗan kama-karyar Italiya, kuma harin da aka kai wa Masar bayan haka ya ƙare da janyewar dole. Sannan kaso mai yawa na waƙi'o'in da aka rubuta daga taskokin gwamnatocin Yammacin duniya suka fito, shi ya sa ba a cika jin muryar ƙananan ƙasashe a cikinsu ba.